Taɓon Zumbwe

Shekara talatin da ɗaya Mzee Pandu ya yi yana tsaron ƙofa a tashar jiragen ruwa ta birni. Da ya yi ritaya ya dawo gida Zumbwe da akwati ɗaya, da takalmi sau-ciki da yake gogewa kullum safe, da kuma yarima guda. Akwatin ya shige ƙarƙashin gado, takalmin yana ƙafarsa, yariman kuwa a bakinsa yake kwana, a nan yake tashi.

Duk baƙon da ya sauka daga mota ya zauna a barandar Faki mai gahawa, kafin ya kurɓi kofi na biyu ya ji labarin. Wai a zamanin da, wani yarima ya taso daga Shiraz da jirage bakwai, guguwa ta yi ta wasa da su wata uku, har Allah ya kawo shi gaɓar nan. Ya sauke ƙafar dama, ya ɗaga hannu ya ce "Zumbwe", wato da harshen fada, "na sauka lafiya". Daga nan Mzee Pandu zai nuna wani farin turke can nesa a cikin fadamar teku, ya ce daidai can ne ƙafar ta taka. Shi kansa jika ne na tara ga yariman. In baƙon ya sayo masa mandazi, irin fanken da ake ci da gahawa, yakan matso ya zama na bakwai.

Babu wanda bai san gaskiyar ba a garin, har da shi mai labarin. Kalmar ta tsohon yaren kakanni ce, wanda yanzu ba abin da ya rage daga cikinsa sai 'yan kalmomi a bakin tsofaffi, kuma ma'anarta "taɓo ya kama shi". Wani Kibwana ne ya saci akuyar wata bazawara mai suna Mize, ya saɓa ta a wuya, ya yanki fadama lokacin da ruwa ya janye, sai taɓo ya riƙe shi har ƙugu. Mize ta biyo sawu ta same shi a tsaye kamar shuka, akuya tana kuka a kansa. Ta koma ta ciro ƙyauren ɗakinta, ta tsaya da shi a hannu, ta ce ba za ta shimfiɗa masa ba sai ya faɗa da bakinsa ko shi wane ne da abin da ya ɗauka. Ya faɗa, ta ciro shi. Daga baya ta aure shi, kuma duk mutanen garin daga cikinsu suka fito.

Shi ya sa har yau in taɓo ya kama mutum, wanda ya fara gani sai ya ɗaga murya ya ce "Zumbwe", na gaba ya karɓa, har kiran ya isa gari. Sai a ɗauko katakon Mize, madadin ƙyaurenta, da ke jingine a gindin kuka. An sauya katakon ya fi sau ashirin, amma na Mize ne. Kuma ba a shimfiɗa wa baligi shi sai ya amsa tambaya biyu. Ta haka aka san Faki ne ya sauke kwakwar maƙwabcinsa, ta haka kuma aka gano inda zakaran matar ladan ya shiga.

Ba don son ƙarya kawai Mzee Pandu ya haifi yarimansa ba, ko da yake yana sonta daidai gwargwado. A satinsa na farko a tasha, yana saurayi mai ji da kansa, wani mai suna Shee daga garin da ke ƙetaren rafi ya tambaye shi daga ina yake. Yana cewa Zumbwe, sai Shee ya karkace baki ya yi kukan akuya. 'Yan dako suka fashe da dariya. Daga ranar sunansa ya zama Mai Akuya, har manyan ofis da shi suka san shi. Abin ya yi masa ciwo, kuma bai daina ba. Shekara talatin da ɗaya yana buɗe wa mutane ƙofa suna wucewa suna yi masa me-e-e, ya rasa amsar da zai mayar.

To, sai gwamnati ta gina wa garin sabuwar matsayar jirage, aka ce za a kafa dutse a bakinta, a sassaƙa sunan garin da ma'anarsa. Wanda aka turo ya rubuto maganar wani matashi ne, Lyimo, mutumin kan duwatsu, mai tabarau da littafi da na'urar ɗaukar hoto. Ranar da ya iso ya tarar teku ta janye, ya tambayi Faki ko fari ake yi a garin.

Mzee Pandu ya gane damarsa ta zo. Abin da aka sassaƙa a dutse ba ya gogewa. In yarima ya hau dutsen nan, shi ke nan akuya ta mutu, ko Shee da kansa ya zo sai ya karanta. Ya sa kanzu, farar doguwar rigarsa, ya ɗora hula mai aiki, ya goge takalmi sau biyu, ya je taron da aka kira a gindin kuka.

Ya yi magana, ba laifi. Jiragen suka zo bakwai, guguwa ta yi abinta, yarima ya sauke ƙafar dama. Lyimo yana ta rubutu har alƙalami yana ƙara. Da ya ɗago ya tambaya ko akwai mai gyara, sai dattawa suka shiga duban faratan ƙafafunsu. Su ma fa an sha yi musu kukan akuya a kasuwa da wajen ɗaurin aure, kuma yarima kyauta ba abin ƙi ba ne. Faki ya yi tari, ya ce ai Mzee ya yi zaman birni, ya fi su sani.

A daidai nan Bi Mboni ta iso, da kwandon ƙumba a kai, ƙafafunta duk taɓo ya bushe a kansu. Yayar Pandu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme shi da shekara shida, kuma ita ta goya shi. Tun da ya dawo da yarimansa ba ta taɓa tanka masa a gaban mutane ba, abin da ya sa yake jin tsoronta fiye da in tana faɗa.

Lyimo ya miƙe ya gaishe ta da "shikamoo", ta amsa da "marahaba", ta sauke kwando.

"Mama, ke ma kin san labarin yariman?"

"Ni? Ɗan nan, ni ƙumba nake tsinta, ina ni ina Shiraz." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Amma kai da za ka sa magana a dutse, ka je ka ga inda ƙafar ta taka kuwa? Kada a tambaye ka a ofis ka ce daga baranda aka nuna maka."

Idon Lyimo ya yi haske. Ya ce wallahi Mama ta yi tunani. Zai ɗauki hoton Mzee a tsaye a wurin, jikan yarima a kan sawun kakansa, har a jarida za a iya bugawa.

Mzee Pandu ya ji kalmar jarida ta ratsa shi har tafin ƙafa. Ya ce gobe da hantsi, in ruwa ya janye.

Da la'asar ya bi ta gidan yayarsa. Ya tarar tana kankare kwakwa a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba.

"Dada, na gode da ba ki ɓata mini ba."

"Na ɓata maka me? Zauna ka ci shinkafa, ka rame." Ta ci gaba da kankara. Can ta ce, "Pandu, a jiragen nan naka bakwai, wanne Mize ta hau?"

"Dada, dutse ne fa na gwamnati. Ba a sa akuya a kai."

"Ban tambaye ka akuya ba."

Ya yi kamar bai ji ba, ya ja kwano. Da zai tafi ta raka shi bakin ƙofa, ta ce hanyar turke da ya sani ta tashi tun damina uku da suka wuce, yashin ya koma ta hagu, in yana so ta shige musu gaba. Ya yi dariya. Ya ce shi da ya yi rarrafe a fadamar nan, ba zai bi bayan mace mai kwando a gaban ma'aikacin gwamnati ba.

"To," in ji ta. "Na dai faɗa, Allah ya ji."

Washegari ruwa ya janye har ba a hango shi. Mata sun bazu a fadama suna tsintar ƙumba, kuma duk wanda ya san garin zai lura sun yi yawa a ranar, har da waɗanda suka daina fita saboda ciwon gwiwa. Mzee Pandu ya shige gaba, sanye da kanzu da hula da takalmi, yana tafe yana nuna wa Lyimo inda jirgi na ɗaya ya tsaya da inda na biyu ya jefa anga. Rabon da ya taka fadamar nan tun kafin ya yi gemu. Da suka kusa turken ya ce wa Lyimo ya tsaya nan kan yashi ya saita na'urarsa, shi zai ƙarasa. Ya bi ta dama, yadda ya saba yana yaro.

Taku na huɗu ƙafar dama ta shige har ƙauri. Ya ce ba komai, ya dogara da ta hagu don ya zaro ta, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ya yunƙura, ya kai gwiwa. Duk ɗan Zumbwe ya san in taɓo ya kama ka kwantawa ake yi, a baje jiki. Shi ma ya sani. Amma ya dubi farar kanzunsa, ya dubi na'urar da ke kallonsa, ya zaɓi ya sake yunƙurawa a tsaye, sai ga shi har cinya.

Wata mata can gefe ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta ja numfashi.

"Zumbwe!"

Ta gaba ta karɓa, ta gaba da ita ta karɓa, kiran ya bi fadama ya haye gaɓa ya shiga gari.

Lyimo ya sauke na'ura, fuskarsa cike da murna. "Mzee, gaisuwar yariman ce suke yi maka?"

"Ita ce," in ji Mzee Pandu, yana ƙara nitsewa.

"Kai, al'ada ba ta mutu ba a garin nan." Ya ɗaga musu hannu, ya buɗe littafi ya rubuta. Sai ya sake duban Mzee ta saman tabarau. "Amma kamar kana raguwa."

"Haka wurin yake. Ɗauki hotonka."

Kafin a jima gari ya fito. Masunta, da masu shago, da ladan, da Faki riƙe da butar gahawarsa don kada ciniki ya wuce shi, duk suka jeru a kan yashi ta hagu, inda hanyar take. Mata huɗu suka taho ɗauke da katakon Mize, Bi Mboni tana gabansu tana tafiya a hankali kamar mai zuwa gaisuwar suna. Lokacin taɓo ya kai wa Mzee Pandu ƙugu. Daga can nesa kuma wani siririn farin layi ya bayyana, ruwa ya juyo.

Aka tsayar da katakon a kan yashi, ba a shimfiɗa ba. Bi Mboni ta dafa shi da hannu ɗaya.

"Sannu, jikan yarima. Ka sauka lafiya?"

"Dada," ya kashe murya, "sa katakon. Ma yi magana a gida."

"Taɓon ba zai bi mu gida ba. Kai jikan wane ne?"

Ya dubi Lyimo, wanda ya tsaya da baki buɗe da alƙalami a sama. Ya dubi dattawan da suka mara masa baya jiya, ya ga kowa ya sami abin kallo a sararin sama. Ya dubi ruwa. Harshen farko ya riga ya iso, ya zagaye shi, ya jiƙa masa kanzu, da sanyinsa.

"Jikan Kibwana," ya ce, can ƙasa.

"Faki, ka ji? Kunnena ya tsufa."

"Iska ta kwashe," in ji Faki.

"Jikan Kibwana ne ni. Ɓarawon akuya."

Jama'a suka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta mutanen da suka daɗe suna jira. Bi Mboni ba ta yi dariya ba.

"Me ka ɗauka?"

Ya yi saurin cewa ya taɓa ɗaukar mangwaron liman. Ta ce wannan yana ɗan shekara goma ne, kuma ita ta sha dukan a madadinsa, ya nemo wani. Ya ce akwai wata laima da wani Bature ya manta a ƙofar tasha. Ta ce laimar tana ɗakinta, ta gode, amma ba ita ta kawo shi nan ba. Ruwa ya kai masa ciki.

Tsoro yake ji, amma kunya ta fi tsoron yawa, kuma a ƙarƙashinsu duka akwai wata gajiya da bai san yana ɗauke da ita ba sai yanzu.

"Na ɗauki sunan garin nan," ya ce.

"Ka kai shi ina?"

"Shiraz."

Nan fa dariya ta ɓarke, har ladan ya zauna a yashi yana riƙe ciki. Bi Mboni ta jira ta lafa.

"Shi ke nan abin da ka ɗauka?"

Wannan ba ta cikin tambayoyin al'ada, kowa kuwa ya sani. Pandu ya ɗaga kai ya dube ta sosai. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da ɗoriya, da tsagaggen dunduniya, tana dafe da katako. Haka mahaifiyarsu take tsayawa in tana ba su labarin, ta dafa ƙyauren ɗaki ta yi muryar Mize, su biyu suna zaune a tabarma suna jiran wurin da akuya za ta yi kuka.

"Na cire Mize," ya ce. "Da Mama."

Bi Mboni ta goge ido da bakin mayafi, ta ce gishirin teku ne. Ta sa aka shimfiɗa katakon, ta hana samari hawa, ta kwanta a kai da cikinta ta rarrafa har ta kamo hannuwansa, mata suka riƙe ƙafafunta suka ja. Taɓo ya sake shi da wata ƙara da ba ta dace da dattijo ba. Ya fito baƙi ƙirin daga ƙirji zuwa ƙasa, hula tana nan daram, takalmi kuwa ya zauna can wurin yarima.

Abin da aka ɗauka mayar da shi ake yi, don haka a bakin gaɓa, yana zaune a kan wani jirgi da aka kifa, ƙafa ba takalmi, shi da kansa ya ba Lyimo labarin daga farko. Bai rage ko kukan akuyar ba. Lyimo ya soke shafi uku, ya buɗe sabo. Da suka kai inda Kibwana ya yanki fadama, sai ya dakata.

"Mzee, ban gane wuri ɗaya ba. Ina zai kai akuyar?"

"Gida mana."

"Ina ne gidan?"

"Garinsu, can ƙetaren rafi."

"Au, ashe ba ɗan nan ba ne." Lyimo ya gyara tabarau yana rubutu. "Wato ɓarawon nasu ne, mai katakon ce taku."

Sau dubu Mzee Pandu ya ji labarin nan, ya san ta inda Kibwana ya fito kamar yadda ya san sunansa, amma kunya ba ta taɓa barinsa ya tsaya a wurin ya duba ba. Shekara talatin da ɗaya. Amsar tana aljihunsa duk ranar da Shee ya karkace baki, shi kuwa ya tafi har Shiraz nemanta.

"Dada, kin san da wannan?"

"Duk macen garin nan ta sani," in ji Bi Mboni. "Ku maza ne da kun ji me-e-e sai ku toshe kunne. Tashi ka je ka yi wanka, kana wari."

Bayan wata biyu aka kafa dutsen. An rubuta sunan garin da manyan baƙaƙe, a ƙasa aka sa: "Taɓo ya kama shi. A nan Mize ta ciro Kibwana." Mutanen ƙetaren rafi suka zo bikin cike da jirgi biyu, kuma a cikinsu har da Shee, ya tsufa, haƙoransa sun zube, amma bakin yana nan. Yana hango Pandu ya karkace shi ya saki kukan da ya saba.

Mzee Pandu ya taka a hankali da silifas ɗin roba, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Shee. Har yanzu muryar tana nan, ka gaje ta da kyau. Da ma a gidanku aka fi sanin kukanta, ku kuka aiko a ɗauko ta." Ya juya ga Faki. "Zuba masa gahawa. Ka kuma sa a ɗaure awaki, dangin Kibwana sun zo."

Shee ya tsaya da baki a karkace, ya rasa ta inda zai mayar da shi daidai.

Har yanzu Mzee Pandu yana barandar Faki, kuma baƙo ba ya kai kofi na biyu bai ji labari ba. Sai dai akuyar ta fara haihuwa a bakinsa. Bara uku ce, bana ta kai bakwai, duk a wuyan mutum ɗaya. An kai ƙara wurin Bi Mboni, ta tambaya ko Mize tana ciki. Aka ce tana nan, da ƙyaurenta. Ta ce to a bar shi da awakinsa, ta ɗauki kwandonta ta nufi fadama.